Garehul ɗin da Na Sha a Kan Maganin Sukari

Gwallameji,
Bauchi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ka Fatakwal lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki. Na ba mahaifiyarka takardar ta sa maka a jakar kayanka, domin na san halina. In na ce zan zaunar da kai mu yi maganar baki da baki, iyakata in ce ka riƙe salla, ka kula da kanka, in sa maka albarka in sallame ka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda yanzu ka baro shi. Maganar ciwon nan ce. Ranar da ka dawo daga gwajin lafiya na wurin sabon aikinka, ka ce sun ga sukari a jininka har likita ya ɗora ka a kan ƙwaya, na lura da yadda ka faɗe shi. Kana dariya, kana sosa ƙeya, ka ce, "Ɗan kaɗan ne, Baba." Muryata na ji a bakinka. Haka na riƙa faɗa lokacin da aka gano nawa, jim kaɗan bayan na ajiye aikin hedimasta. Ka ga inda nawa ya kai ni, da idonka ka gani, amma ba mu taɓa zama mun yi zancen ba. Kai kana jin nauyina, ni kuma ba na iya haɗa ido da kai a kan maganar. To yau zan yi ta.

Kuskurena na fari shi ne ɓoyo. Na ɗauki ciwon sukari kamar wani abin kunya da na jawo wa kaina. Kwalin maganina a aljihun wata tsohuwar babbar riga nake ajiye shi, in haɗiye shi a ɓoye kamar ɓarawo. In an je walima aka miƙo lemon kwalba, sai in karɓa in shanye, don kada wani ya ce, "Malam, lafiya?" A duk unguwar nan, ban da mahaifiyarka babu wanda ya san ina da shi. Ku ma 'ya'yana sai da aka jima kuka sani. Ban ga amfanin wannan ɓoyon ba ko sau ɗaya, amma ranar da na faɗi a gaban jama'a na ga illarsa, domin in ba kai ba, babu wanda ya san abin da ke damuna balle ya san abin yi. Saboda haka, Abba, kana isa ka faɗa wa mutum ɗaya a gidan da za ka zauna, da mutum ɗaya a wurin aiki. Ka ce musu kana da sukari, kana shan magani, kuma in sun ga kana gumi ko rawar jiki ko kana maganar da ba ta da kan gado, su ba ka abu mai zaƙi in kana iya haɗiya, su kai ka asibiti. Ba za su raina ka ba. In ma sun raina ka, ranka ya fi.

Sai maganar garehul. Ka san shi, wannan babban lemon mai ɗaci-ɗaci da ake kawowa daga kudu. A cikin keke napep na ji labarinsa, daga nan Gwallameji zan shiga kasuwar Wunti. Mutumin da ke kusa da ni ya kunna wani saƙon murya a wayarsa, wani ne yake ta bayani cikin natsuwa, wai ruwan garehul yana ƙone sukari a jini, wai wanda ya lazimce shi kowace safiya zai wayi gari ya yar da ƙwayoyinsa. Ban san mai maganar ba. Mai wayar ma bai san shi ba, don na tambaye shi, ya ce turo masa aka yi. Ni da na ƙare rayuwata ina ce wa yara, "Wa ya faɗa? A ina ka gani?" ban tsaya na tambayi kaina ba. Gaskiyar magana ita ce na gaji da magani. Akwai ƙwayar da nake sha kafin kowane abinci, akwai ta hawan jini, ga huda yatsa. Duk wanda ya ce mini akwai hanyar fita, a ranar zan yarda da shi. Ga shi kuma abin yana da ɗaci, mu kuwa tun muna yara an saba mana cewa mai ɗaci shi ne magani. Ban koma gida ba sai da leda cike.

Washegari na ce wa mahaifiyarka ta matse mini. Ta juya shi a hannu, ta sansana, ta ce, "Malam, ka tambayi likita kuwa?"

Na ce, "Lemo ne fa, Hajiya. Tun yaushe aka fara neman izinin likita kafin a sha lemo?"

Ta matse, na sha. Daga ranar ya zama ƙa'ida: in na dawo daga masallaci da safe, ƙwaya, sai babban kofi na garehul. Da tafiya ta yi tafiya na mayar da shi biyu. Wani lokaci ma ba na karyawa, sai in ce ruwan ya ishe ni.

Ranar ganin likita ta zo. Likitar da ke duba mu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar yayarka ba, mai ladabi ƙwarai. Ta duba sakamakon gwaji, ta ga sukarin ya sauka, sannan ta ce, "Baba, ban da waɗannan magungunan, akwai wani abu da kake sha? Na gargajiya, ko wani abin ci ko sha da ka mayar da shi kullum?"

Ka ji yadda ta yi tambayar. Ba ta bar mini wata kafa ba. Na dube ta na ce, "Babu."

Na sha gaya wa kaina cewa ba ƙarya na yi ba, tunda garehul ba magani ba ne. Ƙarya na yi, Abba. Na ji tsoron kada ta yi mini dariya, ta ce dattijo kamarka, mai ilimin boko, yana bin saƙon waya. Kuma can cikin raina ina so sai ranar da na warke sarai in zo in ba ta mamaki. Saboda haka nake gaya maka, duk abin da likita ya tambaye ka, ka faɗa masa duka, har wanda kake ganin bai kai a faɗa ba. Jiƙo, sassaƙe, shayin ganye, ƙwayar ƙarin ƙarfi, 'ya'yan itacen da ka mayar abin kullum. Shi ya san wanda ke faɗa da wani, kai ba ka sani ba. Kuma kafin ka fara sabon abu ake tambaya, ba bayan an faɗi ba.

Jikina ya yi ta yi mini magana, na ƙi saurare. Da hantsi sai in ji hannuna yana rawa, gumi ya karyo mini ko da fanka na juyawa, in na miƙe daga zaune jiri ya ɗebe ni. Na ce ai sukarin ne yake ƙonewa, aikin garehul ke nan. Abin da ya fi muni shi ne faɗa. Kai ka san ni ba mai ɗaga murya ba ne, amma a watannin nan na zama wani mutum daban. Akwai safiyar da mahaifiyarka ta kawo mini shayi, na ce ya huce, na ture kofin har ya fashe, na faɗa mata maganar da ban taɓa faɗa mata ba tun aurenmu. Ta durƙusa tana tsince fasassun, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, wannan ba kai ba ne. Don Allah ka auna jininka." Na'urar awon tana cikin durowa kusa da ni, hannu kawai zan miƙa. Na ce mata ta bar ni, ita ma ta zama likita ne? Har yau in na tuna yadda take tsince kofin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, amma ni ban gama da abin ba. Don haka in wanda ke zaune da kai ya ce ka canja, kada ka fara da musu. Ka fara da awo. Kuma kada ka sha ƙwayarka ka bar cikinka wayam don kana sauri.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da sauƙi. Ka san Sajan Bitrus, tsohon sojan nan mutumin Bogoro da ke zaune kusa da barikin Shadawanka, wanda na koyar da 'ya'yansa. A layin asibiti muka sake haɗuwa, shi ma sukari da hawan jini, har da maganin kitsen jini yake sha. Shi kaɗai ne abokin da ban iya ɓoye wa ba, tunda benci ɗaya muke zama. Wata rana muna jira na raɗa masa sirrin. Ya ce, "Malam, ka tabbata? Kada mu je mu haɗa abin da ba ya haɗuwa."

Na ce, "Sajan, ni zan cuce ka? Ga ni nan, ni ne shaida."

Ya yi dariya ya ce, "To, in hedimasta ya faɗa, wane ne Bitrus?"

Ni da kaina na hau keke na kai masa leda guda har gida, na nuna wa matarsa, Maman Laraba, yadda ake matsewa. Ba saƙon waya ya bi ba, Abba. Ni ya bi, saboda sunan da na yi shekaru ina tarawa. Ka riƙe wannan: kada ka taɓa ba wani shawarar magani, ko da kana ganin ya yi maka aiki. Jikinku ba ɗaya ba, ƙwayoyinku ba ɗaya ba. Iyakar abin da za ka ce masa shi ne ya je ya tambaya.

Ranar ɗaurin auren Hauwa'u, 'yar marigayi baffanka, kana wurin, amma bari in gaya maka yadda abin ya kasance daga cikina. Ni ne waliyyi. Na tashi da wuri, na sha ƙwayata, na sha kofi biyu, mahaifiyarka ta biyo ni da kunu har ƙofa na ce mun makara. Muka isa ɗan masallacin nan na Gwallaga, jama'a sun cika har waje, ga zafi. Tun ana gaisawa na ji fuskokin mutane suna yi mini nisa. Da liman ya juyo ya ce, "Waliyyin amarya, kun ba da?" na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na kira sunan mahaifiyarta maimakon nata. Na so in gyara, sai na ji ina dariya. Na yunƙura zan tashi, na yi tangaɗi na faɗa kan wakilin ango, hulata ta gangara tsakiyar sahu. Ina ji, wallahi ina ji, wani saurayi daga baya ya ce, "Tsohon nan ya sha wani abu ne?" Wani kuma ya ce, "Subhanallahi, a masallaci?"

Ina so in ce musu ba haka ba ne, bakina ya ƙi. Na tuna hannunka a bayan wuyana, kana cewa, "Sukari gare shi, ku kawo lemo, ku ba shi iska!" Na tuna zaƙin lemon a bakina. Kuma na san babbar rigata ta jiƙe, ba da gumi kaɗai ba. Ka cire taka ka lulluɓe ni da ita kafin a ɗaga ni, ka fita da 'yar shara a gaban surukai. Ba ka taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa gode maka ba. Na gode, ɗana. Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira kamar yadda ka rufa mini.

A asibiti, bayan na dawo hayyacina, likitar nan ta zo ta sake yin tambayarta ta farko. Kafin in buɗe baki mahaifiyarka ta ce, "Garehul yake sha, likita. Kofi biyu kullum, wani lokacin ba ya karyawa." Na sunkuyar da kai. Na jira faɗa, ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ja kujera ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce garehul ba guba ba ne, mai lafiya zai sha abinsa. Amma akwai wani abu a cikinsa da yake hana jiki narkar da wasu magunguna yadda ya kamata, sai maganin ya taru a jini ya yi ƙarfi fiye da yadda aka auna wa mutum. Ta ce ba kowane maganin sukari yake taɓawa ba, amma wanda nake sha kafin abinci yana cikin waɗanda ake tsoro, haka ma wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini. Na haɗa wannan da rashin cin abinci, ga azumin dole da na sa wa kaina ranar, shi ya sa sukarin ya faɗi warwas. Na ce to in na sha ƙwayar da safe, garehul ɗin da yamma fa? Ta girgiza kai ta ce aikinsa a jiki yana iya wuce yini guda, raba lokaci ba ya fid da mutum. Sannan ta ce, "Baba, akwai wanda ka gaya wa ya sha?"

Na ce, "Zan sanar da shi."

A nan ne na yi kuskuren da ya fi duka, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Wayata tana gefen gado. Kira ɗaya ne: Sajan, ka daina, na yi kuskure. Na ɗauka na ajiye, na ɗauka na ajiye. Na ce wannan ba maganar waya ba ce, bari a sallame ni in je da kaina. Da aka sallame ni na ce bari in ɗan ji ƙarfi. Gaskiya kuwa ba ƙarfi nake jira ba. Ina neman yadda zan tsara maganar ne ta fito ba tare da na zama wawa ba. Ina cikin wannan tsare-tsaren Laraba, 'yar Sajan, ta kira mahaifiyarka, ta ce babanta ya faɗi a kan mashin a hanyar kasuwa. Jiri ne ya ɗebe shi. Allah Ya tsare babu mota a bayansa, amma ya karye a hannun dama, ya fashe a goshi.

Na tarar da shi a kwance, hannu a ɗaure. Maman Laraba tana zaune a gefe, ta amsa gaisuwata a taƙaice. Na zauna na faɗi komai, har da ranar da likita ta gaya mini. Da na zo wurin sai Maman Laraba ta ɗago ta ce, "Malam, wato ka sani tun ranar?"

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Shekaranjiya ma ni na matsa mishi da hannuna." Ta tashi ta fita.

Sajan ya ce, "Malam, wanda ka kawo mini, ban riƙe ka ba. Kai ma ka sha, alheri ka nufa. Amma wayar nan, da ka kira."

Likitocinsa ba su ce lallai garehul ne kaɗai ya kayar da shi ba, sun ce yana iya zama da hannunsa a ciki, suka hana shi sha. Na so in fake da wannan, amma na san abin da na sani da ranar da na san shi. Hannun ya haɗe, sai dai yatsunsa ba sa damƙa sosai, ya daina hawa mashin. Yanzu ranar asibiti ni nake biyawa da keke in ɗauke shi. Muna hira, yana tsokanata, yana kirana likitan lemo. Maman Laraba takan kawo mini ruwa in na je, takan tambayi Hajiya, amma ba ta ƙara zama ta yi hira da ni ba. Ban ga laifinta ba.

Abba, in ka duba za ka ga ba garehul ne ya kayar da ni ba. A kowane mataki akwai wanda ya tambaye ni, kuma a kowane mataki na zaɓi in tsira da girmana. In ka yi kuskure, kuma za ka yi, ka faɗe shi a ranar, da kowace irin kalma ta zo bakinka, ko da ba ta yi kyau ba. Kada ka jira ka tsara.

Can inda za ka 'ya'yan itace sun fi nan yawa da araha, kuma za ka haɗu da masu ba da shawara a mota da ofis da masallaci. Ban san irin ƙwayar da aka ba ka ba, mai yiwuwa ma garehul ba ya taɓa ta. Kada ka yi hasashe. Kana sauka ka nemi asibitin da za ka riƙa zuwa, ka tafi da kwalin maganinka, ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani abin da ba ya tafiya da shi. Kada ka daina shan magani don awo ya yi kyau, sai in su suka ce. Ka riƙa ajiye 'yan dabino a aljihu. In watan azumi ya matso, ka je su tsara maka yadda za ka sha. Kuma duk Juma'a in mun yi waya, zan tambaye ka abin da na'urarka ta nuna, kai ma ka tambaye ni nawa. Na yi maka alkawari zan faɗa maka gaskiya, ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Sajan ma ya ce in gaya maka Allah Ya kiyaye hanya. Allah Ya ba ka lafiya mai amfani, Ya sa ciwon nan ya zame maka kaffara ba azaba ba, Ya ba ka likita mai haƙuri da zuciyar da za ta saurare shi. Allah Ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka yafe wa mahaifinka abin da ka gani, kada kuma ka gaje shi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Isa